Surin Mzee Khaemba

Shekara talatin da ɗaya Mzee Khaemba, wato dattijo Khaemba, ya yi yana yankan ciyawa a jami'armu, kuma ban taɓa jin ya ce wani abu nasa ne ba sai suri guda. Ni mai girki ce a kantin ma'aikata, tagata tana kallon dajin da ke bayan tsangayar noma. Abin da zan faɗa da idona na gani, kada wani malamin tarihi ya zo yana gyara mini zance.

Dajin na jami'a ne a takarda, amma tun da aka kafa ta babu wanda ya taka shi da takalmin ofis. A tsakiyarsa surin yake, ya fi tsayin mutum biyu. A wajenmu, nan yammacin Kenya, wanda ya fara share gindin suri ya kafa sandarsa shi ke da shingen da zai fito, garar nan mai fiffike da ake ci, ko da ƙasar ta wani ce. Khaemba ya kafa tasa sandar tun yana da gashi a ka.

Ya iya aikin kuwa. Zai lanƙwasa tsumagu a kan ramukan, ya rufe da bargo da ganyen ayaba, ya bar ƙofa ɗaya. Sannan ya zauna da sanduna biyu yana kaɗa wani gungume, a hankali, a hankali, har garar da ke ƙasa ta ɗauka ruwan sama ne ya sauko, sai shinge ya yi ta bulbulowa cikin ƙwarya. Da shingen nan ya shawo kan surukarsa. Da shi matarsa Nanjala ta yi goyon ciki shida. Ni kaina na soya wa farfesoshi shi a ɓoye, waɗanda a gaban baƙi sai su nuna ba su san abin ba.

Sai aka ce za a gina wa ɗalibai ɗakunan kwana a dajin, bene huɗu. Kowa ya yi murna, har Mzee, don mun gaji da ganin yaran nan huɗu-huɗu a shagon haya a cikin gari, littafi a kan guga. Injiniyar aikin, Nasimiyu, 'yar ƙasar nan ce, ita ta same shi da kanta.

"Mzee, surin nan daidai inda matakalar gini na biyu za ta hau yake."

"To a matsar da matakalar mana, 'yata. Ita ai ba ta da iyali a ƙasa."

"Ko na matsar, mutanenka za su cinye mana ƙofofi kafin a yaye ɗaliban farko."

"Sharri dai. Shekara talatin ko littafi ɗaya ba su ci ba, sun fi wasu ɗaliban ladabi." Sannan ya ce, "Ki bar ni in kwashi na ƙarshe. Ruwan farko kawai."

Ta ce hannunta bai kai nan ba. An riga an sa ranar aza harsashi, washegari kuma katafila za ta shiga, ruwa ya zo ko bai zo ba.

Kwana uku Mzee yana kaɗa gungume a cikin rana. Ƙasa ta bushe ƙayau, ko fiffike ɗaya bai leƙo ba. Na kai masa shayi ya ƙi sha. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma bakina bai bar ni ba, na ce, "Mzee, garar nan ta jami'a ce, ta yi karatu, ta gane ka."

Ranar biki aka kafa rumfuna dab da surin. Don kada ƙura ta ɓata wa manya kaya, motar ruwa ta yi ta zagaya filin tun safe har ya jiƙe sharkaf. Shugaban jami'a, Farfesa Situma, ya miƙe cikin alkyabbarsa ya fara jawabi a kan makomar matasa. Ɗan kwangila kuma, don a ga ƙarfinsa, ya sa aka kunna motar daddaɓe ƙasa a gefe. Ƙasa ta ɗauki rawa, kofunan da na jera suka hau kaɗawa.

Ruwa ta sama, kiɗa ta ƙasa. Me gara za ta ce?

Wata malamar lissafi ce ta fara gani, ta cire takalmanta ta ruga wajen surin. Kafin ka ce me, sama ta yi fari da fiffike. Shinge ta kowane rami, har ta ƙarƙashin jan kafet. 'Yan mawaƙan coci da aka gayyato suka watse da baki a buɗe. Magatakarda ya baza rigarsa. Ɗalibai suka kwashe mini faranti kaf. Wani baƙo daga babban birni yana kaɗe su da takardar shiri, direbansa yana bayansa yana tarewa da hula. Farfesa Situma ya yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya, ya kai har "a ƙarni na ashirin da ɗaya," sai ɗaya ta sauka a leɓensa. Ya tauna. Lasifika ta kai ƙarar har ƙofar shiga.

Mzee kuwa yana can ƙololuwar suri, ya baza hannuwa, yana dariya har da hawaye.

"Ku kwasa, yau na kowa ne," yake cewa. "Farfesa, ba da hular digiri ba, tana da rami. 'Yata injiniya, ke ma na ga bakinki yana motsi."

Buhu biyu na soya ranar. Ba a aza harsashin ba sai la'asar, kowa da maiƙo a haɓa.

Washegari Nasimiyu ta zo da katafila, ta ce dole a fid da sarauniyar garar, in ba haka ba za su sake gini. Mzee ya roƙi a bar shi ya haƙa da hannunsa. Ta sa direba ya kashe inji, suka jira shi har azahar. Ya fito da ita a tafin hannu, fara sol, kamar babban yatsa, tana numfashi. Ganin mai suri ne ke da hakkin cin ta, na ɗora kasko.

"Sauke," ya ce. "Ta ciyar da ni shekara talatin."

Ya sa ta a tukunya da ɗanyar ƙasarta, ya ɗaure a bayan keke, wai zai kai ta gonarsa ta ƙauye. Ya san ba za ta kai ba, ni ma na sani. Katafila ta share sauran kafin ruwan shayina ya tafasa. Bai waiwayo ba, bai kuma hau keken ba, tura shi yake a hankali yana kauce wa ramuka. Ni ce na tsaya a taga ina kuka, kasko yana ƙonewa a bayana.