Darasin da Madam Memuna Ta Riƙe Mini

Muna sauke buhunan shinkafa a wani sito a Dammam, inda nake ci-rani a ƙasar waje, wayata ta motsa a aljihu. Ban duba ba sai da aka tashi sallar azahar. Saƙon murya ne daga Zeliya, 'yar Madam Memuna, kuma bai kai numfashi biyu ba: "Yaya Razak, Mma ta cika da asubar nan. Yau za a kai ta." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lokacin da ake yi mata salla can gida a unguwar Kalpohin, ni ina bayan tirela da buhu a kafaɗa, domin a nan mutuwar wadda ba ta haife ka ba ba ta sa a ba ka hutu.

Ga wanda bai san ta ba, Madam Memuna shugabar wata firamare ce a unguwar Sakasaka har ta yi ritaya. Da ta bar aiki sai ta buɗe zaure a waya domin malaman da aka tura ƙauyuka, irinmu masu neman digiri ta karatu daga nesa. Takan hau motonta, wato babur, ta karɓo takardun darasi, ta ɗauke su hoto shafi-shafi ta turo mana. Duk Juma'a da yamma sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da kira, kafin gaisuwa ma ta ƙare ka ji, "Shafi nawa?" Idan ka fara kame-kame sai ta ce, "Karatun da ba a tambayar mutum ina ya kwana, ba ya ƙarewa." Da wannan nacin nata na gama digirina. Digirin bai ba ni abin da na zata ba, shi ya sa nake nan, amma wannan ba laifinta ba ne.

Bayan wasunmu sun gama, sai suka nemi ta buɗe ɓangaren masu digiri na biyu. A daidai lokacin kuma hankalinta ya koma kan 'ya'yan makiyayan bayan gari, waɗanda safiyarsu ta tatsa ce da kai nono cikin gari, ba ta makaranta ba. Sai ta ɗaure abu biyun da igiya ɗaya. Duk mai son zaure ya taimaka masa da digiri na biyu, a samo masa littattafai da mai duba masa rubutu, to shi ma zai riƙe gida ɗaya, ya koyar da yaron gidan ta waya sau biyu a mako.

Na ƙi wannan shawara, kuma na faɗa mata. Na ce, "Madam, digiri na biyu fa ba irin na farko ba ne. Ke kanki ba ki yi shi ba."

Ta yi dariya ta ce, "Razak, ungozoma sai ta haifi 'yan biyu kafin ta karɓe su?"

Har yau ina ganin rabin gaskiyar tana wajena. Zaure ya cika ya rikice. Wani na tambayar yadda ake tsara babin bincike, a ƙarƙashinsa ga hoton allo da baƙaƙen yaro a karkace. Masu ganin sun girma suka fice. Ita kuma, Allah ya jiƙanta, ba ta iya raba aiki ba. Wane gida ke hannun wa, wane uba aka lallasa da wace magana, duk a kanta suke. Idan aka ce ta rubuta sai ta ce gobe. Na faɗi wannan ne don ita ma ba ta son yabon da aka cire wa ƙashi.

Duk da ƙorafina na karɓi gida, don ina son digirin. Rabona ya faɗa kan Adama, 'yar shekara goma sha ɗaya, 'yar Malam Sambo mai shanu a bayan unguwar Kukuo. Ranar farko Madam ta je da kanta, ta zauna a tabarma ta riƙe wayar. Malam Sambo ya leƙo fuskarsa a wayar ya dube ni da kyau.

"Ticha, an ce ka yi karatu mai zurfi. To me ya kai ka dako a ƙasar mutane?"

Madam ce ta amsa. "Shi dai ya karanta takardar da ya sa wa hannu kafin ya tafi. Kai wadda aka kawo maka a kan makiyayarka ta gabas, wa ya karanta maka kafin ka dangwala yatsa?"

A wannan makiyaya kuwa yanzu gidajen bulo ne. Sai Malam Sambo ya ce, "Na ba ki ita har ranar da za ta karanta mini takardar Turanci da bakinta. Amma ke na ba, ba waya ba."

Talata da Asabar, lokacin hutuna na rana, ni da Adama muka yi wata bakwai. Yarinya ce mai kai. Takan yi mini dariya idan na kira sunan saniya ba daidai ba, ni kuma in rama a kan baƙaƙenta.

Daga nan sai na karye. Malamin da ke duba bincikena ya dawo mini da babi ɗaya sau uku, aka ƙara mana awoyin aiki, zuciyata ta yi baƙi. Na ajiye digirin, na daina kiran Adama, ban yi wa kowa sallama ba. Da Madam ta kira ranar Juma'a na gaya mata maganar da zan mutu da kunyarta. Na ce, "Ki ƙyale ni haka. Kin tara mu kina sayar mana da gobe, ga ni nan da digiri ina ɗaukar shinkafar wasu."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "To, ɗana, ka huta. Kada dai ka fita daga zauren." Ba ta ƙara tambayata shafi nawa ba. Na ɗauka ta ba wani Adama.

Sai bayan rasuwar Zeliya ta gaya mini. Babu wanda aka ba. Wata huɗu cur, duk Talata da Asabar, Madam ce ke zuwa Kukuo. Da ƙafafunta suka kumbura ta kasa tuƙa moto, sai ta riƙa shiga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta sauka a bakin titi ta ƙarasa da sanda. Abin da take ce wa mutanen gidan shi ne, "Aiki ya yi wa Ticha Razak yawa, ni ya wakilta." Ba zan ce tafiyar ce ta kashe ta ba. Ciwon ƙoda ne, kuma ajali ba ya jiran dalili. Amma na san ranakun wa take cikawa.

A zaure kuwa an yi kuka sosai. Kowa ya sa hotonsa da rigar kammala karatu, ya rubuta cewa uwa ta tafi. Da Zeliya ta tambaya wa zai ci gaba da riƙe gidajen yaran, mutum biyu suka amsa. Ko sunayen gidajen ma babu wanda ya san su duka. Ba ni da bakin zagin kowa, ni na riga su gudu.

Bayan addu'ar uku na kira Malam Sambo. Muka yi wa juna gaisuwa, sannan na ce, "Baba, akwai abin da zan gaya maka. Ban wakilta Madam ba. Guduwa na yi."

Ya ce, "Na sani, Ticha. Mai wakilci yakan aiko da gaisuwa ko sau ɗaya. Ta rufa maka asiri, ni ma na rufa mata."

Na roƙe shi ya bar ni in ci gaba da Adama. Sai ya gaya mini an sake kawo wata takarda, an kuma kafa duwatsun iyaka a sauran filin da shanunsa ke kwana. Ya miƙa wa Adama takardar. Ta karanta sunansa, ta karanta sunan Kukuo, ta karanta kwana talatin, sauran ya gagare ta, ta fashe da kuka.

"Ba laifinta ba ne," in ji shi. "Ta kusa. Amma za mu tashi, kuma inda za mu sai an hau tudu waya ke kamawa. Wadda na ba amanar ta tafi. Talata uku suka rage mana a nan. Idan kana so, ka kira."

Zan kira. Na san darasi shida ba za su mayar da wata huɗu ba, na san kuma ranar da shanun suka kama hanya karatun Adama ya tsaya inda ya tsaya. Da ban gudu ba, wataƙila da ta karanta wa ubanta takardar har ƙarshe. Filin zai tafi ko ta karanta ko ba ta karanta ba, amma da ya ji daga bakin 'yarsa, kuma da Madam ta ga ranar.

Allah ya jiƙan Madam Memuna, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata kabarinta, ya sa kowane taku da ta yi a hanyar Kukuo ya zama nauyi a mizaninta. Allah ya ba Zeliya da 'yan'uwanta haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu a inda uwa ke tsayawa. Allah ya sauki Malam Sambo da iyalinsa a ƙasar da ba za a sake tashinsu ba, ya haɗa Adama da malamin da ya fi ni riƙon amana. Ni kuma ban samu na nemi gafarar Madam tana da rai ba. Duk wanda ya je kabarinta cikinku, ya yi mata addu'a a madadina, ya roƙa mini Allah ya yafe. Amin.