Tela a Sama, Tsahara a Ƙasa

Maman Lawali kafinta ne a unguwar Zariya ta Maraɗi, mutum mai sanyin magana, wanda ƙofofinsa suka cika gidajen 'yan kasuwar garin. Burinsa ɗaya ne tun yana saurayi: ya ɗora bene kan gidan da ya gada. Ya tada bango har sama, sai darajar kuɗin sefa ta faɗi, siminti ya fi ƙarfin talaka. Inda ya yi niyyar zuba kankare, sai ya shimfiɗa katako.

Aiki ma ya tsaya. Ma'aikata na yajin aiki, ba mai sayen kujera. Dole ya ba wani tela, Tanimu, hayar saman. Lokacin siyasa ne, kowace jam'iyya na son riguna, kekunan ɗinki ba sa hutawa daga hantsi har magariba.

A ɗakin ƙasa kuwa matarsa Tsahara ke kwance. Hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, ƙara kaɗan sai kanta ya yi kamar zai rabe.

"Malam," ta ce masa wata rana, "ji nike kamar cikin kaina suke taka keken nan."

Ya hau sama ya shimfiɗa tabarmi da tsofaffin buhuna. Ya yanka tayar mota ya sa ƙarƙashin ƙafafun kekunan. Ƙarar ta ragu, amma girgizar na bin ginshiƙai tana saukowa. Ya buga wani rufin katako daga ƙasa, ya cusa ɓawon gyaɗa tsakani. Sai ɓeraye suka samu gida, suka ƙara nasu motsin.

Tanimu ba mugu ba ne. Ya ce, "Baba, in ka ce mu tashi, mu tashi." Maman Lawali ya bar su suka ci gaba da ɗinki. Hayar nan ce hatsin gidan, ita ce maganin Tsahara.

Ƙarshe yayanta ya zo daga Jiratawa ya ɗauke ta a amalanke, ya ce can sai kukan tsuntsaye a gonaki. Maman Lawali ya yi mata alkawarin kafin kaka zai gama gyara ta dawo. Ya je har Tibiri neman auduga mai araha, ya kwashe ɓawon gyaɗar, ya fara cusa audugar.

Yana kan tsani, auduga a gemu, ɗan aike ya yi sallama. Tsahara ta cika da asuba.

Da ya dawo daga makoki bai ƙarasa rufin ba, bai kuma sake ɗaukar zarto ba. Ya mayar da tabarmarsa zaure. Masu kawo gyaran ƙofa sukan same shi zaune, ya ce musu su gwada wani, hannunsa ya mutu. Bayan juyin mulki ɗinkin jam'iyyu ya ƙare, Tanimu ya koma Katsina. Damina biyu ta ci katakon saman, ba wanda ya hau ya duba.