Bindigar da Ta Yi Daidai da Hannuna

Shekarun baya, lokacin da na fara kiwon zuma a bayan gidanmu na McLeansville, kusa da birnin Greensboro a nan ƙasar Turawa, ko a mafarki ban kawo zan shiga shagon bindiga da ƙafata ba. Da amya biyu na fara, ina kula da su ranakun da ba ni da aiki a asibiti. Cikin shekara huɗu suka kai goma sha biyu.

Masu sana'ar a nan, idan zafi ya kama, sukan loda amyoyinsu a mota su kai duwatsun yammacin jihar, inda wata bishiya ke furen da zumarsa ta fi kowace daraja. Wani manomi ya ba ni aron gefen gonarsa a bakin daji, tafiyar awa uku daga Greensboro. Maigidana direban tirela ne, yakan yi mako biyu a hanya, don haka ni kaɗai nake zuwa.

A zuwana na uku na tarar da amya huɗu a farfashe, saƙa warwatse a ƙasa, ƙudan zuman suna ta shawagi ba gida. A cikin taɓo ga wani sawu da ya fi tafin hannuna. Manomin ya leƙa ya ce beyar ce, wata ƙatuwar dabbar daji mai farata da son zuma, kuma tunda ta ɗanɗana, za ta dawo. Na zauna a bayan mota na yi kuka mai isata. Daga baya na kewaye sauran da waya mai lantarki, amma amyoyi wayar take karewa, ba ni ba. Daga inda mota ke tsayawa akwai tafiyar minti goma a cikin duhuwa, ga shi babu sabis.

Maigidana ya ce ko in haƙura da dutsen, ko in nemi abin kare kaina. Yayana da ke unguwar Sedgefield ya ɗauki maganar da zafi. Kwana biyu ya yi yana kallon bidiyo, sai ga shi ya zama malami. Ya kai ni shago ya nuna wata libarba, bindigar hannu kamar taɓarya, ya ce ita ce maganin beyar. Na ɗaga ta da hannu biyu, bakinta sai lilo yake yi.

Allah ya taimake ni mai shagon ya ce a gwada kafin a saya. A wurin koyon harbi na danna kunama, na ji kamar jaki ya shure ni a wuyan hannu. Takardar da aka rataya don a harba ko ƙwarzane babu. Yaya ya ce riƙon ne ban iya ba, ya karɓa. Ya harba, tabaraunsa ya faɗi, hula ta karkace, takarda tana nan fes. Muka tattara muka koma gida.

Muna da wani maƙwabci dattijo ɗan Filato, tsohon soja, Baba muke ce masa. Ranar Lahadi yana dawowa daga coci ya gan ni da bandeji. Da ya ji labari, sai da ya dafa akwatin wasiƙu don dariya. Sannan ya ce, "'Yata, beyar ba ta karanta lambar da ke jikin bindiga. Wadda za ki sami abu da ita sau uku a jere, zuciyarki na bugawa, ita ce babba a wurinki."

Shi ya mayar da ni wurin harbin. Na gwada guda huɗu, ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye yana kallon hannuna, ba takarda ba. Muka tsaya a kan wata libarba madaidaiciya, mai nauyin da ke shanye rabin shurinta, da harsashi mai tauri. Na cike takardu na ɗauko ta. Duk Asabar muka riƙa zuwa, wata takwas. Ya sa na sayi barkonon fesawa, ya ce shi ne na farko, bindiga ta ƙarshe, kuma ko me ya faru kada in juya baya in yi gudu.

Shekara ta zagayo. Wata rana da hantsi na kashe wutar shinge, na buɗe amya ina duba saƙa, sai na ji reshe ya karye. Ina ɗagowa, ga ta nan baƙa wuluk, kamar taku ashirin, tsakanina da hanyar mota. Iska fuskata take bugawa; in na fesa barkono, kaina zan fesa wa. Na cire safar hannu, na zaro bindigar.

"Ke! Koma inda kika fito!" Da Hausa na daka mata tsawar, Turancin duk ya gudu.

Ta yi huci, ta kaɗa haƙora, ta matso taku uku. Na ɗaga bindigar da hannu biyu. Akwai ɗan tudun ƙasa a gefenta, na sa ido a kai, na danna. Ƙura ta tashi daidai inda na nufa. Kafin ƙarar ta gama zagaya dutsen na mayar da bakin bindigar kanta. Ta dube ni, ta juya, ta faɗa daji a guje.

Sai a lokacin na sauke bindigar. Na zauna a kan bokiti na yi hamdala ba adadi, sannan na tashi na ƙarasa aikina. Ban bar amya ko ɗaya ba a duba ba. Zumar shekarar, kwalba ta farko Baba na kai wa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ƙame ya sara mini a ƙofar gidansa.

Har yau duk lokacin zafi ina hawa dutsen ni kaɗai, kuma ban sake harba ta a wajen wurin koyo ba. Tsoro bai bar ni ba, ban kuma so ya bari. Amma duk ranar da wani aiki ya nemi fin ƙarfina, a asibiti ko a gida, nakan tuna ƙurar nan da ta tashi daidai inda na sa ido, sai in miƙe.