Shanun da Ba Su Zuwa Rijiya

Cikin duk shekarun da na yi ina yi wa dabbobi allura, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da na sha nono mai ƙaurin hayaƙi a wata kasuwa da ke tsakiyar Tafkin Chadi. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya, ku gyara zama ku ji, don ba a koyar da wannan a makaranta.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, ina mataimakin jami'in lafiyar dabbobi a shiyyar Daura, wato abin da mutanen ƙauye ke kira malamin shanu. Aka shirya wani aikin haɗin gwiwa na rigakafin ciwon huhun shanu tsakanin ƙasashen da ke kewaye da tafkin, aka nemi aron ma'aikata. Daga wajenmu aka ɗauki mu biyu, ni da shugabana Dokta Lawal, mutumin Sandamu, wanda ba ya dariya sai an tashi aiki. Ni kuwa murna kamar ta kashe ni, don ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan garinmu ba, balle in taka wata ƙasa da ba Nijar ba.

Bari in yi wa waɗanda ba ’yan aikin ba bayani. Maganin yana zuwa ne a bushe cikin ƙananan kwalabe, sai an zo yin allurar ake haɗa shi da ruwansa. Kafin nan dole ya zauna cikin akwatin sanyi da ƙanƙara. In ya ji zafi ya mutu, kuma ba zai canza launi ya gaya maka ya mutu ba. Duk saniyar da aka yi wa allura sai a ɗan tsaga mata kunne, don ma'aikacin da zai zo daga baya ya san an yi mata, ya wuce ta.

A farkon watan Babbar Sallah muka shiga jirgi mai inji daga Baga, muka tsallaka ɓangaren Chadi. Matuƙinmu Bukar, dakon bandar kifi ne sana'arsa. Jami'in ƙasar da aka ce zai yi mana jagora kuwa, sai labari muka samu injin jirginsa ya lalace. Dokta ya ce, “Ƙanƙara ba ta jiran bakanike. Mu tafi, saniya ai saniya ce ko'ina.”

Tun a hanya bakina ya ƙi rufuwa. Tsibirai ga su nan birjik, wani da bukkoki, wani ciyawa ce zalla, wani ma Bukar ya ce tafiya yake yi, iska ke tura shi. Mutanen wajen Buduma ne, shanunsu kuma ana ce musu Kuri, farare manya, ƙahonsu a kumbure kamar an kifa musu gora biyu a ka. Na dami Bukar da tambaya har Dokta ya ce, “Malam Isiya, yawon buɗe ido aka turo ka ne?”

To, ga inda muka yi abin mutanen Daura. A ƙasarmu, in rani ya yi, ba ka neman shanu. Rijiya kake nema. Ka je garin Babban Mutum ko ƙauyukan Baure, ka ajiye akwatinka kusa da komin shayarwa da hantsi, kafin azahar duk garken da ke yankin sai ya zo ya same ka, ko mai shi yana so ko ba ya so. Da haka muka tashi, da haka muka koyar da wasu. Saboda haka da muka sauka tsibirin farko, Dokta ya zagaya ya sami wata gaɓa mai sauƙin gangara da sawun kofato, ya ce nan ce mashaya. Muka kafa rumfa, muka jera sirinji, muka zauna.

Zaman jiran gawon shanu muka yi. Muna hango shanun can nesa, ruwa ya kai musu wuya, suna kiwon ciyawa, ko kallonmu ba su yi. Washegari muka koma wani tsibirin, muka sake neman mashaya, muka sake zama. Haka a na gaba. Mu manyan ma'aikata, bai faɗo mana a rai ba cewa saniyar da ke tsaye cikin ruwa ba ta da dalilin zuwa mashaya. Daga baya na tambayi Bukar me ya hana shi magana, ya ce, “Ni na ga likitoci ne, na ce ko wani ilimi ne.”

Kullum na buɗe akwatin sai in ga ƙanƙara ta ragu, har ta fara iyo cikin ruwanta. Dokta ya daina cin abincin kirki.

Man jirgi ya yi ƙasa, dole muka ratsa wani babban tsibiri da kasuwarsa ke ci, kuma ta faɗo daidai cin kasuwar Sallah. Dokta ya zauna gadin akwatin, ya ce, “Na san ƙafarka na ƙaiƙayi. Je ka, amma kada ka shanya ni.”

Ban taɓa ganin kasuwa irinta ba. Raguna a cikin kwalekwale ake kawo su, a ɗaure, suna ta kuka. Bandar tarwaɗa tuli-tuli, ga kanwa ungurnu falle-falle, ga wani koren abu busasshe da mata ke sayarwa, wai daga saman ruwa ake kwaso shi a yi miya. Na ɗanɗana, na ji kamar kuka ta auri kifi. Barbarci, Larabci, Faransanci da Hausa duk a kunne ɗaya. Ga teloli sun jera kekuna a gindin bishiya suna fama da ɗinkin Sallah, su ma na ji suna yi wa masu kaya alkawarin gobe, na ce ashe halin har nan ya iso.

Ƙishi ya kai ni gaban wata dattijuwa mai nono, ana kiranta Ya Falmata, tana jin Hausa daidai gwargwado. Na kurɓa, nono mai kauri da maiƙo, sai dai yana ƙauri. Na ce, “Iya, ƙwaryar kuke turarawa da hayaƙi?”

Ta yi dariya. “Baƙo ne kai. Ba ƙwarya ba, saniya. Cikin hayaƙi ake tatsa.”

“Me ya kai saniya cikin hayaƙi?”

“Sauro mana, da ƙudan bobuwa mai cizo. Rana ta yi sanyi, a hura kashin shanu a kan tudu. Su da kansu za su fito daga ruwa su zo su tsaya, ba mai kiransu. Har gari ya waye suna nan.”

Na ajiye ƙwaryar ban ƙarasa ba, na zura da gudu har takalmina ɗaya ya cire. Dokta ya saurare ni, sannan ya dafe kai ya ce, “Innalillahi. Ashe rijiyarsu hayaƙi ce.” Ranar na fara ganin haƙoransa a bakin aiki.

Kafin la'asar mun isa wani tsibiri, muka gaida bulama, wato mai garin, muka gaya masa abin da ke tafe da mu. Rana na karkatawa aka hura wuta, sai ga shanu suna fitowa daga ruwa layi-layi, suna zuwa suna cusa kai cikin hayaƙi suna lumshe ido. Ko igiya ba mu nema sosai ba. Muna tari, hawaye na zuba, muna allura muna tsaga kunne. Da asuba muka ƙarasa sauran, muka wuce tsibiri na gaba. Daga nan Bukar ya daina tambayar hanya, inda ya hango hayaƙi nan yake nufa. Kwalabe suka yi ta raguwa, amma ƙanƙara ta fi su sauri.

Ranar jajibirin Sallah da hantsi, muna haɗa kaya, sai muka hango wani abu yana tahowa a kan ruwa kamar goruna. Garke ne guda yake iyo, ƙaho da hanci kawai ake gani, ga wani tsoho a kwalekwale yana biye da su. Baba Mele sunansa. Labarinmu ya kai masa a tsibirinsa mai nisa, kuma ciwon huhu ya taɓa cinye masa rabin garke, shi ya sa ya koro su tun da sassafe.

Na buɗe akwatin. Akwai kwalaben da za su ishe shi, amma babu ƙanƙara ko ƙwaya. Na tsoma hannu, ruwan ya yi ɗumi. Na dubi tsohon yana haki yana murmushi, na ce a hankali, “Yallaɓai, ko mu yi masa haka nan? Wataƙila da sauran rai a maganin.”

Dokta ya tsoma nasa hannun, ya daɗe bai cire ba. Ya ce, “In mun yi, sai mun tsaga kunne. In mun tsaga, duk wanda ya zo bayanmu zai wuce su. Mun cuce shi sau biyu ke nan.” Ya sa Bukar ya yi tafinta, ya gaya wa tsohon cewa maganin ya mutu, kuma ba jinkirinsa ne ya kashe shi ba, namu ne. A gabansa muka fasa kwalaben muka binne.

Baba Mele bai yi faɗa ba, wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi shanunsa da ke ɗigar ruwa, ya ce Allah bai nufa ba. Sannan ya sa aka tatso nono aka ba mu, ya ce baƙo ba ya yin Sallah da yunwa. Dokta ya yi masa alkawarin zai sa sunan tsibirinsa a kan gaba cikin rahotonmu, kuma ya sa. Ko an je, ban sani ba. Ba a sake tura ni ba, daga baya kuma tafkin ya zama inda ba a shiga.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, aikin nan ba a cikin akwati yake farawa ba. Duk inda aka tura ku, ko Zango ce ko bayan duniya, kafin ku kwance kaya ku shiga kasuwa, ku ci abincin mutane, ku tambayi inda dabbobinsu ke taruwa da dalilin taruwar. Matambayi ba ya ɓata, mu kuwa ba mu tambaya ba sai da ƙanƙara ta ci rabi. Kuma in magani ya mutu, ku faɗa wa makiyayi ya mutu, zai iya ɗauka. Ni na tsaga kunnen shanun da ban san iyakarsu ba, duk na manta kamanninsu. Waɗanda nake gani har gobe su ne na Baba Mele, lokacin da suka juya suka sake faɗawa ruwa da kunnuwansu lafiya lau.