Juma'ar Baffa

Baffa ya zo Kaura Namoda a kwance a bayan motar ɗaukar hatsi, a shekarar da mutanen ƙauyenmu suka watse. Wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A lokacin ya haura saba'in da nisa, Baba kuwa bai daɗe da yin ritaya daga ofishin ilimi ba. Ni ina koyarwa a wata sakandare, ina zaune da iyalina a sashen baya na gidan Baba.

Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, ba nisa da Birnin Tsaba. Kakanmu malamin ɗarika ne, kuma shi ne limamin garin. Da ya rasu Baffa ya gaji zauren karatu da limanci da gonaki. Baba shi ne ƙaraminsu, shi aka saka boko, daga nan ya zarce Sakkwato ya yi karatun Larabci. Ya dawo da ra'ayin cewa wuridi da zikirin taro, da abubuwa da yawa da aka tashe su a kai, ƙari ne a cikin addini. An ba ni labari cewa wata rana, ina goye, ya je gida ya bi Baffa sallar azahar, da aka sallame sai ya koma gefe ya sake tasa a kan idon jama'a. Baffa ya gama addu'arsa ya ɗauki takalmansa ya shiga gida.

Zumunci bai yanke ba, ya dai yi sanyi. Duk kaka gero da dawa sukan iso mana daga ƙauye, duk salla Baba yakan aika da shadda da sukari. Sukan haɗu wurin suna ko ta'aziyya su gaisa, su tambayi iyali da damina, a tashi. Baba yana ce masa Yaya. Shi kuwa Auta yake ce wa Baba, har bayan da furfura ta cinye gemun kowannensu.

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, noma ya gagara, mutane suka fara kwashe kaya gida bayan gida. Wasu suka yi Zurmi, wasu Moriki, wasu nan Kaura. Matar Baffa ta riga ta rasu, ɗansa yana Kudu yana neman abinci, 'yarsa tana aure a Shinkafi. Baba ya aika masa saƙo ba sau ɗaya ba cewa ya taso. Baffa ya ce muddin akwai mutum ko ɗaya da zai bi shi salla, yana nan. Wata safiya yana alwala a ƙofar masallaci buta ta kuɓuce masa, ya faɗi. Waɗanda suka rage a garin ne suka nemo mota.

A asibiti aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Maganarsa ta dawo bayan 'yan kwanaki, da nauyi, sai ka kasa kunne kafin ka gane. Ranar da za a sallame shi 'yarsa ta durƙusa gaban Baba a barandar asibitin.

"Baba, ka bari in tai da shi Shinkafi. Ni ce ɗiyarshi, ni ya kamata in yi jinya."

"Gidan suruki?" in ji Baba. "Ina da rai? Ki koma ɗakinki. Duk sadda hanya ta yi kyau ki zo ki gan shi."

Baba ya ba shi ɗakinsa na kusa da zaure, shi ya koma ƙaramin ɗakin da yake ajiye littattafai. Aiki ya rabu ba tare da an zauna an raba ba. Inna, mahaifiyata, ita ke dama kunu da fura mai ruwa-ruwa, don haɗiya tana yi masa wuya. Ni nakan kama a ɗaga shi ko a juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ni ke zuwa sayen magani. Wanka da tsarki kuwa Baba ya hana kowa. Yakan sa in kai ruwan ɗumi bakin ƙofa, ya karɓa ya saki labule. Shi ke yanke masa farce, shi ke shafa masa man zafi a ƙafar da ba ta motsi, duk da likita ya ce ba zai canja komai ba.

Shi ke yi masa alwala kuma. Yakan jingina shi da matashi ya fuskantar da shi gabas, Baffa ya yi sallarsa a zaune. Baffa duk rayuwarsa sakin hannu yake yi a salla, Baba kuma yana ɗora nasa a ƙirji, wannan ma yana cikin abin da suka saɓa a kai. To ciwon ya lanƙwashe hannun Baffa na dama, ya manne a ƙirjinsa, ko an miƙar da shi sai ya koma. Wata rana bayan ya sallame ya dubi hannun, ya dubi Baba.

"Auta, ka gani? Abin da ka kasa sa ni shekara da shekaru, ciwo ya sa ni."

Baba ya yi kamar bai ji ba, ya ɗauki tasar alwala ya fita. Ina jin sa yana dariya shi kaɗai wajen zubar da ruwan.

Akwai wata zawiyya a unguwarmu, wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda 'yan ɗarika ke taruwa zikiri ranar Juma'a daga bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. In iska ta juyo, sautin yakan shigo har tsakar gidanmu. Mu mun saba, ba ma ko lura. Wata Juma'a na shiga ba Baffa magani na tarar ya karkata kai wajen taga.

"Ɗana, wanga sautin daga ina shike fitowa?"

Na gaya masa.

"Da nisa?"

"Babu nisa, Baffa."

"Ka kai ni."

Na ce sai na tambayi Baba. Sai ya ce to in bari, kada in tambaya. Ban tambaya ba, amma na gaya wa Inna, ita kuma ta gaya wa Baba.

Daga nan duk Juma'a da yamma sai Baffa ya juya fuska bango. Ba ya fushi, ba ya ƙorafi, ba ya dai cin komai sai washegari. Inna ta canja kunun gero da na gyaɗa, ta gwada faten wake, duk a banza. Wata Juma'ar Baba ya karɓi kwanon da kansa ya zauna bakin gado. Ina tsaye a ƙofa.

"Yaya, ka sha."

"Na ƙoshi."

"Mi ka ci da za ka ƙoshi?"

Baffa ya daɗe kafin ya haɗa maganar. "Tun ina yaro rana ba ta taɓa faɗuwa ranar Juma'a ina ni kaɗai ba. Tare da mutane nike, muna ambaton Allah. Yanzu ga ni awa kayan da anka aje."

Baba ya rufe kwanon ya ajiye, ya tashi ya fita.

Cikin makon ya aro keken marasa lafiya wurin wani tsohon abokin aikinsa. Mun zaci don fito da Baffa shan hantsi ne. Ranar Juma'a bayan la'asar sai ya ce in zo in kama. Muka sa wa Baffa farar riga da hula, Baba ya naɗa masa rawani yadda ya iya, ya sa masa carbi a hannun hagu. Sannan ya kama keken ya tura. Layinmu yashi ne, tayoyin suna nutsewa, Baba yana haki. Na ce ya ba ni, ya ce in dai kama gaba in an zo tsallake kwata.

Mutanen zawiyyar sun san Baba sarai, don ya sha yin wa'azi a kansu. Da suka hango mu sai hira ta tsaya. Wani dattijo mai jagorantar zikirin ya taso.

"Malam, sannu da zuwa. Bismilla, shigo."

"Na gode, nan ma ya isa. Ga yayana. Ku lura da hannunshi na dama, ba shi ji. In ya yi tari ku ɗaga mai kai."

Samari suka ciccibi keken suka shiga da shi. Baba ya tsallaka titi ya zauna a bencin wani mai faci. Bai dubi zawiyyar ba, babura masu wucewa yake kallo. Da aka kira magariba ya tafi wani masallaci can gaba ya yi salla, ya dawo ya karɓi ɗan'uwansa. A ranar Baffa ya sha kunu har ya nemi ƙari.

Haka abin ya zama duk mako. Ba a daɗe ba magana ta zagaya. Baba yana ba da karatu a masallacin unguwarmu bayan sallar asuba, kuma akwai masu ganin girmansa ƙwarai. Wasu daga cikinsu suka zo zaure wata Asabar. Wanda ya yi magana tsohon ɗalibinsa ne, mai kantin magani a bakin kasuwa.

"Malam, mutane suna magana. Ku kunka karantar da mu cewa wanda ya kai mutum wurin bidi'a ya taimaka a kanta."

"Ni na karantar da ku, ban manta ba."

"To mi ya canja, Malam?"

"Ba abin da ya canja. Har gobe ban yarda da abin da suke yi ba, yayana ma ya sani. Amma shi ya riƙa goya ni zuwa gona, yanzu ba shi da ƙafa. In laifi ne, ni za a tambaya, ba ku ba."

Suka yi sallama suka tafi ba su gamsu ba. Masu zama karatun suka ragu, daga baya aka ce wani matashin malami zai riƙa taimaka masa, a hankali karatun ya koma hannun matashin gaba ɗaya. Baba bai yi jayayya ba. Ya ci gaba da salla a nan, a sahun gaba, in an sallame ya dawo gida da wuri ya yi wa Baffa wanka kafin ruwa ya huce.

Ba zan ce wani ya rinjayi wani ba. A hanyar dawowa daga zawiyya sukan yi gardama, abin da suka yi shekaru ba su yi ba. Baba yana turawa yana kawo hujja, ya ce wannan ba a samo shi daga magabata ba, wancan malamai sun yi magana a kai. Baffa ya saurara, wani lokaci ya mayar da amsa da harshensa mai nauyi, wani lokaci kuma ya ce, "Tura dai, Auta, ga rami nan gabanka." Ina biye da su a baya riƙe da takalman Baffa, waɗanda ba ya takawa amma ba ya yarda a fita ba su.

A damina ta biyu jikinsa ya yi rauni. Zama a keke ya gagara, fita ta tsaya. Dattijon zawiyyar da wasu mutum kaɗan sukan zo duba shi, Baba ya shimfiɗa musu tabarma a ɗakin ya koma zaure har su gama. 'Yar Baffa ta zo daga Shinkafi ta yi kwanaki. Wata rana da hantsi, tana nan, Baffa ya sa aka kira Baba.

"In na mutu ku maida ni gida, kusa da mahaifinmu."

"Yaya, hanyar ba ta biyuwa. Ba ni kai mutane a kashe su saboda gawa."

Baffa ya rufe ido, ya buɗe. "To sadakar uku da ta arba'in fa? Za ka yi min?"

"Ba ni yi maka ƙarya kana kwance. Ba ni yi. Addu'a kuwa, in dai ina numfashi, kullum kana ciki."

'Yar ta fara kuka. Baffa ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ita.

"Bar shi. Tun shina yaro haka shike. Ke ki yi."

Ya rasu bayan 'yan makonni, da safe, ana yayyafi. Baba ne a kansa, yana maimaita masa kalmar shahada a hankali, leɓen Baffa yana motsi. Baba ya shafe masa ido, ya fito ya gaya wa Inna, sannan ya ce in kira ɗan Baffa a waya. Baba da dattijon zawiyyar suka yi masa wanka. Aka binne shi a maƙabartar Kaura kafin azahar. 'Yan ƙauyenmu da ke gudun hijira a gari sun zo da yawa, har da waɗanda ban taɓa gani ba, suna cewa limaminsu ne.

Sadakar arba'in a Shinkafi aka yi ta, a gidan mijin 'yarsa. Baba bai je ba, bai kuma hana kowa ba. Ni da Inna muka tafi da rana tsaka, lokacin da motoci ke jerawa su tafi tare saboda tsoron hanya. An yi waina da gumba, malamai sun yi karatu, muka kwana muka dawo. Baba ya tambaye mu hanya da lafiyar yara, bai tambayi sauran ba.

Ɗan Baffa bai samu isowa ba sai bayan an watse daga sadakar. Ya kwana biyu a gidanmu, Baba ya raka shi maƙabarta ya nuna masa kabarin. Da zai koma ya tambayi yadda za a yi da gonaki da zauren karatu da littattafan kakanmu da aka bari a ƙauye. Baba ya ce a bar komai yadda yake sai hanya ta buɗe, a je tare a gani. Har yau ba a je ba.