Aina'u ta Bakin Taga

Duk wanda ya san Aina'u 'yar Malam Lawan tana firamare, in ka ce masa yau magana wuya take mata, sai ya ce ba ita kake nufi ba. Yarinya ce mai surutun tsiya. Kafin malami ya rufe baki hannunta yana sama, har sai an ce, "Ke Aina'u, a bar wa wasu mana!"

A Challawa aka haife ta, bayan wani kamfanin jima inda ubanta ya shekara goma sha tara yana wanke fata. Kwatar kamfanin ta gindin katangarsu take bi. Warin nan kuwa, in iska ta juyo, ko shanya ba ya bari. Amma wa ya damu? Kowa a unguwar da shi ya tashi. Baƙo ne kawai yake toshe hanci, yara su bi shi da dariya, Aina'u a gaba.

Da ta ci jarrabawa aka tura ta wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a cikin gari. Ran farko ubanta da kansa ya kai ta a kekensa, yana ta washe baki. Ta shiga aji ta zauna a layin gaba, don ita ba ta san wani wajen zama ba. Ba a yi minti biyar ba wata Nafisa da ke kusa da ita ta yatsine fuska.

"Wai meye yake wari haka? Kamar an jiƙa fatar layya."

Aji ya kwashe da dariya. Shi ke nan fa, ba wani abu aka ƙara ba. Nafisar ma kafin a tashi tara ta manta ta faɗa. Ita kuwa Aina'u washegari sai ga ta a kujerar ƙarshe, bakin taga. Ta kuma ce wa ubanta ya riƙa sauke ta a kwana, wai ƙofar makaranta cunkoso. Bawan Allah ya yarda, bai taɓa tambayar dalili ba.

Shekara huɗu tana wannan kujera. Ta daina ɗaga hannu, don a ganinta in ta motsa hijabi iska za ta kwashi warin ta kai wa na gaba. Amsa tana bakinta, tana ji wata za ta kwafsa, haushi kamar ya kashe ta, amma ta yi gum. Wanka uku take yi a rana. Uwarta Zaituna ta gaji da sayen sabulu.

"Fatar jikinki za ki saɓule ne? Zo nan in ji." Ta jawo ta, ta shinshina. "Wallahi ba abin da kike sai ƙamshin sabulu."

"Umma, ai ku ba za ku ji ba. Hancinku ya saba."

To, me za ka ce wa mai wannan amsa? Duk wanda ya ce ba ta wari, in ɗan unguwa ne hancinsa ya saba, in ɗan gari ne kara yake mata.

Takarda ce ta tona ta. Malama Talatu mai koyar da Hausa ta lura cewa rubutun da ya fi na kowa daga bakin taga yake fitowa. Da aka zo gasar muhawara ta makarantu, ta ce Aina'u ce za ta tsaya wa makarantarsu, kuma ba shawara take nema ba. Sati uku suna bita a ofis, su biyu, Aina'u tana tsaye daga bakin ƙofa. Can sai ga tsohon bakin nan ya dawo, hujja na bin hujja. Malama ta ce, "Ashe haka kike, kika zauna kina cutar mu?" Ranar Aina'u ta koma gida da murna, har waƙa aka ji tana yi wajen wanke-wanke. Ta sa a ranta in ta yi magana a gaban mutane sau ɗaya aka tafa, ta bar kujerar baya har abada.

Ran gasar, da sassafe, ta ɗauko kaskon uwarta ta cika shi da garwashi, ta zuba turaren wuta. Mata ɗan kaɗan suke barbaɗawa, ita kuwa rabin kwalba ta juye. Ta kifa kwando a kai, ta lulluɓa masa hijabin makaranta, ta shiga wanka na biyu. Ihun ƙanwarta Safiya ne ya fito da ita. Wuta ta kama kwandon, ta ci gaban hijabin, rami ya kai faɗin faranti.

Zaituna ba ta tsaya faɗa ba. Ta zari mayafi ta shiga maƙwabta, ta dawo da farin hijabi sabo fil, ko daga leda ba a cire shi ba. Aina'u ta farke ledar, ta kai hanci, ta ɗago da ido jawur.

"Umma, shi ma yana yi."

"Innalillahi! Sabon? Sa ki wuce, kar ki haukata ni!"

Ta sa ta wuce. A zauren gasar aka kira sunanta, ta fito ta tsaya daf da teburin alƙalai uku. Ta yi sallama, ta fara, murya tar, Malama Talatu tana gyaɗa kai. Tana cikin hujja ta biyu sai alƙalin tsakiya, wani dattijo mai fama da mura tun safe, ya zaro hankici ya kai hanci. Kowa a zauren ya ji atishawarsa tun kafin a fara. Aina'u ma ta ji. Amma ta ja da baya taku ɗaya, ta ƙara ɗaya, ta matse hannuwanta a jiki. Maganar ta ɗauke ɗif. Tana tsaye har aka kaɗa ƙararrawa.

A hanyar dawowa Malama ta yi lallashi, ta yi faɗa, har rantsuwa ta yi cewa mutumin mura yake. Aina'u ta ce, "Na sani, Malama," kanta yana waje ta ƙofar adaidaita.

Bara ta gama makaranta. Yanzu tana Sharaɗa, a wani kamfanin sabulu, tana jera sabulu a kwali daga safe zuwa la'asar. In ta shiga mota mata har tambaya suke wane turare ta sa. Abin takaici, in an tashi cin abinci, abokan aikinta suna zagaye da kwano ɗaya, ita tana can bakin ƙofa da nata. Sun ɗauka girman kai ne.

Bana Safiya ta ci jarrabawa, makarantar nan dai aka ba ta. Yarinya mai baki, kamar yayarta a da. Ran da za ta fara zuwa, Aina'u ce ta goge mata hijabi, ta raka ta har titi. Da adaidaita ta tsaya sai ta riƙo hannunta, ta rage murya.

"In kin shiga, ki yi sauri ki kama kujerar baya, ta bakin taga."

"Saboda me, Yaya? Ni a gaba nake zama."

"Ke dai ki yi abin da na ce."

Safiya ta dube ta, ta dubi hijabin jikinta. Sannan a hankali ta kama gefensa ta kai hanci.