Telan Madina da Ya Hana a Kashe Talabijin

Mun tashi da asuba daga Makka, ni da abokan tafiyata biyu, bayan mun kammala Umara. Sanyin motar ya yi yawa, har ɗayansu ya mayar da haraminsa bargo. Titin sumul yake, ba rami ko ɗaya, dama da hagu baƙaƙen duwatsu. A wani wuri muka tarar da birai sun jeru a bakin hanya suna jiran fasinjoji su jefa musu burodi. Da hantsi muka tsaya karin kumallo, muka ci ful, wato dafaffen wake da man zaitun, da gurasa mai zafi da suke kira tamis. Riyal biyar ta ƙosar da mu uku.

Gab da azahar muka shiga Madina. Da na hango koriyar ƙubba sai hirar ta tsaya mini a baki.

A unguwar Al-Sih muka sauka, gidan wani dattijo tela da aka haɗa mu da shi tun daga Kano. Kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, shi kuwa a Madina aka haife shi. Kowa Ammi yake ce masa, wato kawu, kuma a nan zan tsaya, domin abin da zan faɗa bai kamata a haɗa shi da sunansa ba. Hausarsa rabi Larabci ce. Ranar farko ya ce, "Yalla, ku zo ku ci gada." Muka wanke hannu muna murnar naman daji, ashe abincin rana yake nufi.

Rana ta uku bayan la'asar muka bi shi shagonsa a Anbariyya. Mun tarar da wani direba ɗan Chadi da wani mai guga ɗan Sudan, duka Hausawa, suna shan shayi da na'ana'a. Talabijin na saman kanta, an kamo wata tashar waje ta tauraron ɗan Adam, ana maimaita shirin muhawara. Wani malami a gefe guda, a ɗaya gefen wani Balarabe mazaunin Turai. Larabcina ba shi da ƙarfi, amma na ji abin da ya ce: babu Allah, addini tsoro ne mutane suka ƙirƙira.

A Madina nake jin wannan! Direban ya yi a'uziyya ya miƙe zai kashe.

"Bar shi, ya waladi, ɗana," in ji Ammi, bai ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

Ni kuwa na kasa haƙuri. Na ce, "Ammi, ai irin wannan ko ubansa ya kamata ya tsine masa, ya manta ya haife shi."

Ya tsayar da keke, ya saurari Balaraben har ƙarshe, yana rubuta wani abu a bayan takardar awo. Da malamin ya fara zagi maimakon amsa, sai Ammi ya girgiza kai ya ce, "Haram, ya tambaye ka, ka ba shi jawabi mana."

A hanyarmu ta zuwa sallar magariba ya ja ni gefe. Ya ce babban ɗansa ya tafi Turai karatun likita shekara shida da suka wuce. Bara ya aiko da wasiƙa cewa ya daina salla, bai yarda da komai ba. Ko uwarsa ba ta sani ba, ta ɗauka karatu ne ya hana shi zuwa.

"Kwana uku ban ci abinci ba," in ji shi. "Na ɗauki alƙalami zan sallama shi. Ba'adain, daga baya, na ce, idan na rufe masa ƙofa, ranar da zai so dawowa ta ina zai shigo? Shi ya sa nake sauraron waɗannan. Ina so in san me ya shiga kan ɗana. Tambayoyinsu nake rubutawa, in kai wa malami a Harami, in ce wani ne ya tambaye ni."

Kunya ta rufe ni. Na ba shi haƙuri, ya dafa kafaɗata ya ce ma'alesh, ba komai, ni baƙo ne, addu'a kawai yake so.

Ranar Juma'a ina zaune ya buga wa yaron waya, kamar yadda yake yi duk mako. Na kasa kunne ina jiran wa'azi. Abin da na ji shi ne, "Ka ci abinci? Sanyi fa? Uwarka ta aiko maka da dabino." Yana yin Hausa, ana amsa masa da Larabci, har da dariya. Da ya ajiye wayar ya goge ido da gefen rawaninsa, ya koma kan ɗinki.

Mun ziyarci Ƙuba da Uhudu, mun sayi dabinon ajwa, ranar Lahadi muka kama hanyar Jidda, washegari muka sauka Kano lafiya.

Na daɗe ina ɗaukar cewa kishin addini shi ne ɗaga murya. A shagon nan na ga mutumin da maganar ta fi ƙona wa rai fiye da mu duka, kuma shi kaɗai ya iya zama ya saurara. Ban san ko yaron zai dawo kan hanya ba. Wannan na Allah ne. Ina dai sa shi a addu'a bayan kowace salla, ko da yake ban taɓa ganin fuskarsa ba, kuma har yau bakina bai sake iya furta wa ɗan kowa tsinuwa ba.